Jarrabawar Gajimare a Gidan Alhaji Mumuni

Shekara goma sha ɗaya Kamaldeen ya yi yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a bakin titin Nima, kuma babu irin gawar na'urar da ba a kawo masa ba. Akwai wadda aka yi wa wanka da koko, akwai wadda kyankyasai suka yi gida a cikinta har da jikoki. Shi kuwa ya kwance, ya hura, ya goge, wata ta tashi, wata ya yi wa mai ita ta'aziyya. Amma babban cinikinsa a ofisoshin unguwar Adabraka yake, inda ake kiransa ya duba manyan na'urorin da suke ajiye bayanansu. To su ne suka fara daina kira, ɗaya bayan ɗaya. In ya leƙa ya tambayi lafiya, sai a ce masa lafiya lau, an dai kwashe komai an kai kilawud.

Kilawud ɗin nan, wato gajimare, ba wani abin tsafi ba ne. Maimakon ofis ya sayi na'ura ya ajiye ƙarƙashin tebur tana shan ƙura, sai ya yi hayar ta wani ƙaton kamfani da ke can wata uwa duniya, ya riƙa aiki da ita ta intanet, ya biya gwargwadon abin da ya sha kamar mitar wuta. Na'urar da take wata ƙasa kuwa ba ta buƙatar Kamaldeen ya hura ta. Ga shi da shekara talatin da takwas, ga mata, ga 'ya'ya biyu, ga tsohuwarsa a ɗakin da ke jikin nasa. Sai ya ga babu abin yi illa ya bi cinikinsa inda ya gudu.

Wata manaja a ɗaya daga cikin ofisoshin nan ta tausaya masa. Ta ce suna neman wanda zai kula musu da kayansu na gajimaren, kuma ita ta san hannunsa, sai dai masu kamfanin ba hannu suke dubawa ba, takarda suke dubawa. In ya kawo satifiket ranar Litinin ta ƙarshen wata, aikin nasa ne. In bai kawo ba, akwai mutum uku a layi. Jarrabawar ba ta talaka ba ce, amma Kamaldeen yana da tikitin zama ɗaya kyauta da ya samu a wani kwas, kuma tikitin zai mutu ranar Asabar, kwana biyu kafin Litinin ɗin. Cibiyoyin jarrabawa duk sun cika har wata mai zuwa. Hanya ɗaya ta rage masa, ya rubuta a gida a kan kwamfutarsa, wani mai sa ido da ba ya gani yana kallonsa ta kyamara.

Sau uku ya karanta dokokin. Ɗaki a rufe, minti casa'in. Kada kowa ya shigo. Kada a ga takarda ko waya a kan tebur. Kada mai jarrabawa ya buɗe baki ya yi magana, ko da shi da kansa ne. Gargaɗi ɗaya ake yi, a na biyu a rufe jarrabawa, tikiti ya tafi ke nan.

Wanda ya rubuta dokokin nan bai taɓa taka gidan Alhaji Mumuni a unguwar Maamobi, inda Kamaldeen yake haya, ba. Ɗaki goma sha huɗu ne suka kewaye tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, mutum sittin da 'yan kai, ban da baƙin da suka zo kwana biyu tun bara. Tun asuba Fusena mai waakye, wato shinkafa da wake, take fara kankare tukwane. Kafin hantsi turmi biyu sun kama dakan fufu, Jalilu makanike yana gwada injin babur a zaure, rediyo uku kowace da tasharta. Ƙofa kuma ba a rufe ta da rana. Wanda ya rufe ƙofa da rana ko dai ba shi da lafiya, sai a shigo dubiya, ko kuwa ya dafa nama, sai a shigo gaisuwa.

Karatun ma a tsakar gidan Kamaldeen ya yi shi, don ɗaki zafi. Kuma yadda malamin makaranta ya koya masa tun yana ɗan shekara biyar, haka yake yi har yau: da ƙarfi, da rangaji, da maimaitawa. Bayan la'asar sai ya zauna a benci ya kama rerawa, “Ayas, Pas, Sas. Ayas, Pas, Sas,” waɗanda su ne taƙaitattun sunayen hanyoyi uku na hayar gajimare. Kwana biyu Alhaji Mumuni ya yi yana saurare daga kujerarsa. Tsohon direban babbar mota ne da ya zaga Kumasi da Wagadugu da Yamai, kuma ba ya son a yi ilimi a gidansa ba da saninsa ba.

“Kai Kamal,” in ji shi a rana ta uku, “wannan surar kuma a wane izu take?”

“Baba Alhaji, haya ce iri uku,” in ji Kamaldeen. “Ayas kamar yadda kake ba mutum ɗaki ne. Kamfani ya ba ka na'ura da wurin ajiya da hanyar sadarwa, shi ke nan. Kai za ka sa mata tsarin da za ta yi aiki da shi, kai za ka riƙa sabunta shi, kai za ka sa makulli.”

“Bango huɗu da rufi,” in ji Alhaji, ya gyaɗa kai. “Haka hayan gaskiya yake.”

“Pas kuma an ƙara maka. Kamar a ba ka kicin da murhu da wuta da tukwane, kai dai ka zo da girkinka. Masu rubuta manhaja su suka fi son wannan. Su rubuta abinsu su ɗora, ba ruwansu da abin da ke ƙasa.”

“Wannan ɓata ɗan haya ne. Sas fa?”

“Sas an gama komai. Ka buɗe ka yi amfani, kamar imel.”

Fusena ta ɗago daga tukunyarta da soso a hannu. “Ebei, Bra Kamal, ai ni ne Sas ɗin! Kai dai miƙo kwano, ba ruwanka da gawayi kraa.”

Aka yi dariya, Kamaldeen kuwa ya ji daɗi, don ya ga abin ya shiga. Daɗin nan ne ya ja shi ya ƙara gaba, ya shiga babin da ya fi kowanne fitowa a jarrabawa, wato rabon alhaki. Ya bayyana cewa ginin da na'urorin suke ciki, da wutarsa, da masu gadinsa, duk wuyan kamfani ne. Abin da ka zuba a ciki kuwa, da wanda ka ba izinin shiga, wuyanka ne, ko wace irin haya ka yi. In ɓarawo ya fasa ginin, laifin kamfani ne. In kai ka rarraba kalmar sirrinka ga abokai, kada ka kai ƙara wurin kowa.

Alhaji Mumuni ya shafa gemu. “Ashe Turawa sun san gaskiya paa,” in ji shi. “Na waje na mai gida, na ciki na ɗan haya.”

Tun daga ranar, duk wanda ya zo ya ce ɗakinsa na yoyo, sai Alhaji ya tambaye shi a ina ruwan yake sauka. In ya ce a cikin ɗaki, sai ya ce to na ciki ai naka ne, je ka tambayi Kamal. Kamaldeen ya yi ƙoƙarin ya nuna cewa rufi yana ɓangaren kamfani, Alhaji ya ce masa ya ci gaba da karatu, bai kai wurin ba tukuna.

Mutum ɗaya ce ta zauna ya karanta mata dokokin jarrabawa daga farko har ƙarshe, ita ce matarsa Samiratu, mai sayar da atamfa a kasuwar Makola. Da ya gama ta dube shi kamar mai duban marar lafiya.

“Baban Najwa, ba zai yiwu a gidan nan ba. Tafi Kanda wurin Yaya Rahim. Gidansa ko ƙuda sai ya nemi izini.”

Kamaldeen ya ji kamar an sauke masa kaya. Sai dai maganar a bakin taga suka yi ta, kuma ƙarƙashin tagar nan Fusena take kife tukwane. Kafin magariba Alhaji ya aiko kiransa. Ya same shi a kujerarsa, ga kuma Mma Memunatu, mahaifiyar Kamaldeen, zaune a tabarma da sandarta a gefe. Ganin an kira tsohuwa ya sa ya gane shari'a ce.

“Na ji wai za ka ɗauki jarrabawa ka kai Kanda,” in ji Alhaji. “Me Kanda suka fi mu? Shiru? Shiru a shago ake sayensa?”

“Baba Alhaji, dokar ce mai tsanani. Ko tari aka yi da ƙarfi...”

“A gidan nan aka yi sunanka. A gidan nan aka yi walimar saukarka, a gidan nan ka yi aure, ni na ba da zaure aka zauna. Yanzu abin arziki ya zo, sai a ce a gidan surukai aka ci shi? Gobe a masallaci a ce gidan Mumuni ba su iya rufe baki na awa ɗaya da rabi?”

Kamaldeen ya buɗe baki zai sake gwadawa, sai Mma Memunatu ta ɗaga hannu. Shekara talatin ta yi tana sayar da koko a bakin hanya bayan rasuwar ubansa, da shi ta kai shi makarantar boko, kuma bai taɓa jin ta ɗaga murya ba.

“Kamalu, Alhaji ya ce zai yi. Kar ka ba mu kunya.”

Magana ta ƙare. Ya koma ɗaki da haushi har wuya, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu wanda zai ji haushinsa, don duk ƙauna ce ta kawo hakan.

Alhaji kuwa ya ɗauki abin kamar shirin aikin Hajji. Ranar Alhamis ya tara gida kaf ya kafa kwamiti, ya naɗa kansa shugaba ba tare da hamayya ba. “Mu ne kamfani,” in ji shi, “Kamal ne ɗan haya. Shirun waje namu ne, shirun ciki nasa ne.” Aka raba aiki. Jalilu zai tsaya a bakin lungu ya tare babura da masu talla. Fusena za ta gama girki tun jijjifi, ta kife turmi. Kaji a kai su maƙwabta, rediyo a cire musu batir a damƙa wa Alhaji. Sai yara, su ashirin da biyu, waɗanda babu mai iya musu sai Samiratu. Aka yanke ta kwashe su ta kai su Kanda, tunda an ce gidan yayanta yana da fili. Ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta. Ita kaɗai ta san dokokin duka, kuma ita aka tura wuri mafi nisa.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, gidan Alhaji Mumuni ya yi shirun da bai taɓa yi ba tun da aka aza harsashinsa. Har mutanen lungu suka fara leƙowa suna tambayar Jalilu da hannu ko rasuwa aka yi. Da Kamaldeen ya zo rufe ƙofa, sai ya ga duk manyan gidan sun jera a benci da tabarmi, sun fuskanci ɗakinsa, don mutumin da aka hana daka da hira da rediyo ba shi da sauran aiki sai kallo. Alhaji ya ɗaga masa babban yatsa. Mma Memunatu tana jan carbi. Ya ji tausayinsu ya kama shi, ya sa sakata.

Ya nuna wa kyamara katinsa na ɗan ƙasa, ya zaga da ita kusurwa huɗu na ɗakin, har ƙarƙashin tebur. Mai sa idon ba ya magana, rubutu yake aikowa a wani ɗan akwati a gefen allo. Ya rubuto cewa komai ya yi. Tambaya sittin da biyar, ana neman saba'in cikin ɗari. Kamaldeen ya yi bisimilla a zuci ya fara.

Tambayoyin suka zo masa kamar tsofaffin abokai. Wani kamfani yana son ya ɗora manhajarsa ba tare da ya kula da na'urar da ke ƙasa ba, wace haya ta dace da shi? Kicin da murhu, Pas. Wani shago cinikinsa yana ninkuwa lokacin biki ya koma daidai bayan biki, wace siffar gajimare za ta amfane shi? Ita ce ƙaruwa da raguwa bisa buƙata, a ƙara maka na'urori ranar cunkoso, a janye su in an watse. Sai bambancin gajimaren kowa da kowa, da na gida, da haɗin gambiza. Wannan ma ya san shi, famfon unguwa ne, da tankin cikin gida, da mai tanki wanda in ruwansa ya ƙare yake aikawa famfon unguwa. Ya ci gaba yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. A tambaya ta goma sha bakwai har ya ji wani nishaɗi ya taso masa.

Nishaɗin ne ya kusa kashe shi. Akwatin gefe ya yi ƙyalli, mai sa ido ya rubuto: an ji muryarka kana karanta tambaya, wannan shi ne gargaɗinka, in aka sake za a rufe jarrabawa. Kamaldeen ya daskare. Ashe tun tambaya ta goma sha biyar ya fara rangaji yana rera tambayoyin a hankali, bai ma sani ba. Sabo turken wawa. Ya rubuta ban haƙuri, ya cije leɓensa na ƙasa da haƙori, ya bar shi a cije. Shirun ciki nasa ne, kuma ga shi shi ne ya fara karya shi.

Ya ci gaba a hankali, kowace tambaya yana karanta ta da ido kawai, abin da ya yi masa wuya kamar cin tuwo da hagu. Ya wuce ta talatin, ya wuce ta arba'in. Minti hamsin suka tafi. Yana kan ta arba'in da biyu sai ya ji raɗa a tsakar gida.

Raɗar Alhaji Mumuni irin ta mutumin da ya yi shekara talatin yana magana a kan ƙarar inji ce, kuma ƙofar katako ce mai tsaga a ƙasa. Babu kalmar da ta ɓace wa Kamaldeen.

“Minti hamsin muna aiki, ba mu ji komai ba,” in ji Alhaji. “Ya za mu san shirun yana isa ciki?”

“Alhaji, ai ya ce kar kowa ya shiga,” in ji Fusena, ita ma da raɗa.

“Wa ya ce a shiga? Kamfanin kirki yana tambayar ɗan haya ko aiki ya yi masa. In akwai gyara a gyara tun da sauran lokaci. Sai an gama a ce laifinmu ne?”

“Amma an ce shi ma kar ya yi magana.”

“Sallama magana ne? Sallama ibada ne. Baturen da ya hana amsa sallama ba a haife shi ba.”

Aka yi guna-gunin amincewa. Kamaldeen ya ji zufa ta karyo masa daga ƙeya har gadon baya. Ya so ya tashi, dokar ta hana tashi. Ya so ya aika saƙo, wayarsa tana kan gado tana ba kwamfuta intanet, kuma taɓa ta laifi ne. Ya dubi agogon allo ya yi lissafi. Tambaya arba'in da ɗaya ya amsa. Ko da duk daidai ne, in ya miƙa yanzu ba su kai saba'in cikin ɗari ba. Dole sai ya ƙara, kuma kowace tana cin minti guda.

A waje an shiga neman wanda za a aika. Alhaji ya ce shugaba ba ya aiken kansa. Fusena ta ce ita ba ta isa ta tsaya a ƙofar mijin wata ba matar ba ta nan. Aka yi ta tura wa juna, har wata tsohuwa ta ce ai ga mai ɗa nan zaune, wa ya fi ta iko da ƙofar? Kamaldeen ya rufe ido. Da Alhaji ne, da ya iya yin shiru ya ba da haƙuri daga baya. Da Fusena ce, da ko a jikinsa.

Ya ji sandar tana tahowa, ƙwas, ja da silifa, ƙwas. Taku ashirin ne daga tabarmarta zuwa ƙofarsa, kuma ƙafafunta sun daɗe da kumbura. Ya yi sauri ya amsa ta arba'in da biyu, ya amsa ta arba'in da uku ba tare da ya tabbata ba. Sandar ta tsaya.

“Salamu alaikum, Kamalu.”

A hankali ta yi ta, don kada ta dame shi. Haƙorinsa ya ƙara nutsewa a leɓe. Amsar ta taso daga cikinsa da kanta, kamar atishawa, ya danne ta. Ya kafe ido a kan allo. Wata tambaya ce a kan ajiye kwafin bayanai a cibiyoyi biyu masu nisa da juna, don in ɗaya ta faɗi ɗaya ta riƙe. Ya san amsar jiya, ya san ta da safe. Yanzu ya karanta ta sau biyu bai gane ko kalma ɗaya ba.

“Salamu alaikum.”

Wannan karon ta ɗan ɗaga murya, tana zaton bai ji ba. Tsakar gida ta yi tsit, irin tsit ɗin da bai yi kama da na ɗazu ba. Sai wata daga cikin matan ta yi ɗan “hmm” ta hanci, gajere, ba wanda zai iya cewa daga wace ya fito. Kamaldeen ya san wannan “hmm” ɗin, a gidan ya tashi. Ya kuma san ƙa'ida, don ita Mma ta koya masa: sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya. Za ta yi ta uku, ta jira, sannan ta juya da sandarta ta yi taku ashirin ɗin nan a gaban mutum talatin, tsohuwar da ɗanta yana ciki yana ji ya ƙi amsa mata. Ba wanda zai ce mata komai yau. Za a ajiye maganar, a fito da ita a gidan suna da gidan biki har ƙarshen ranta. Bayanin kyamara da mai sa ido ba zai goge ta ba.

Ya dubi lambar da ke saman allo, arba'in da huɗu cikin sittin da biyar. Ya tuna manajar Adabraka da mutum ukun da ke layi. Ya tuna shagonsa na Nima, inda makon jiya gaba ɗaya linzamin kwamfuta ɗaya ya gyara. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron Litinin da duk Litinin ɗin da za su biyo bayanta.

“Salamu alaikum.”

Ta uku ta fi sauran sanyi, kuma a ƙarshenta muryar ta ɗan yi rawa. Ya ji ta tsaya tana jira. Ya ji kan sandar ya goga a siminti, alamar za ta juya.

Kamaldeen ya saki leɓensa.

“Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Mma.”

Da ƙarfi ya faɗa, yadda na benci na ƙarshe ma zai ji. Ya ji tsakar gida ta sauke numfashi gaba ɗaya. Akwatin gefe ya yi ƙyalli, bai tsaya karantawa duka ba, ya ga dai kalmar an soke. Allon tambayoyin ya ɓace, hoton 'ya'yansa biyu da ya sa a fuskar kwamfutar ya fito suna dariya. Ya tashi ya zare sakata.

Mma Memunatu tana tsaye, fuskarta cike da murna, ta waiga ta dubi matan kafin ta dube shi. Sannan ta matso ta rage murya sosai.

“Alhaji ya aiko ni. Wai shirun ya ishe ka, ko a ƙara?”

Ya dubi bayanta. Alhaji ya miƙo wuya daga kujera, batiran rediyo a tafin hannunsa. Fusena ta dafe baki da gefen mayafi, turminta a kife, cinikin rabin yini ta bari saboda shi. Dukkansu shi suke kallo, suna jiran sakamakon aikinsu.

“Ya isa, Mma,” in ji shi. “Shirun ya yi kyau. Allah ya saka da alheri.”

Alhaji ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai.

“Yoo, alhamdulillahi,” in ji Mma. “To koma ka ci gaba, kar mu ɓata maka lokaci.”

Da hannunta ta jawo ƙofar ta rufe masa, a hankali, don kada ta yi ƙara. Kamaldeen ya koma kujera ya zauna a gaban kwamfutar, ya ɗora hannuwansa a kan tebur. Saura minti talatin da biyar. A waje mutum talatin suka ci gaba da riƙe masa shiru, ko tari babu wanda ya yi, har ƙarfe sha ɗaya da rabi ta cika.